Kushen Mai Saye Ba Zagi Ba Ne

 Yau ba gona za mu shiga ba, kasuwa za mu tafi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa iyayenmu mata na cikin gida, don rabin maganar nan tasu ce.

In mutum ya bar Kano ya kama hanyar Zariya, ya iso Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, sai ya karya hagu ya bi hanyar da ta nufi Jos. Ba zai daɗe ba sai ga shi a Tudun Wadar Ɗan Kadai. Ko ba a gaya masa ya iso ba idonsa zai gaya masa, gama ga shinkafa nan an shanya ko ina, ga hayaƙin masu turarawa, ga ƙarar injuna, ga tulin ɓuntu a bayansu. Garin ya yi suna da sana'ar shinkafa, kuma mata ne ƙashin bayan aikin turara ta. Wannan shinkafa da a ke kira 'yar Hausa tana ci da gidaje masu yawa daga Bebeji har Doguwa.

To, ku tsaya kusa da mai awo ku ga abin da ke faruwa. Ɗan sari ya zo, ya tsoma hannu can cikin buhu, ya ɗebo, ya baza a tafin hannunsa. Ya hura, ya shinshina, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna. Sai ya yamutsa fuska, ya ce, "Akwai tsakuwa, ga ta kuma ta yi duhu." Ya taya ta ƙasa da kuɗin da a ke sayar da ta maƙwabcinka. Kai kuwa ranka ya ɓaci, ka ce, "Albarka." Ya wuce, ka bi shi da harara, kana cewa a ranka 'yan birnin nan ba su san wahalar noma ba.

Gaskiya ne bai san wahalarka ba. Amma ya san abu guda wanda kai ba ka sani ba, watau abin da matar da za ta dafa shinkafar nan a Fagge ko a Sabon Gari za ta ce in ta buɗe tukunya. Wannan sani kuwa ya ba ka shi kyauta, ka ƙi karɓa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada wani ya ce wannan sabuwar magana ce ta 'yan boko. Kakanninmu sun sha ta a kan gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka riƙa fitar da gyaɗarmu zuwa Turai, kuma shekaru da yawa a turmi mata ke ɓare ta. Turmi kuwa yana farfasa ƙwaya, fasasshiyar gyaɗa in ta daɗe a dala tana jiran jirgi sai manta ya lalace. Masu matsar mai na Ingila suka yi ta kuka. Da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, wadda ta Jihar Arewa ta gaje ta a 1954, sai aka ware lamba ta musamman ga gyaɗar da yawancinta ba ta fashe ba, aka ɗora mata kuɗi. Cikin 'yan shekaru injin ɓarar gyaɗa na hannu ya bazu ƙauyuka, aka jingine taɓarya. Ba wanda ya yi wa manomi dole. Kukan mai saye ne ya iso kunnensa, ya iso kuma da kuɗi a hannu.

Yau babu hukumar da za ta tsaya tsakaninka da mai cin shinkafarka ta kawo maka saƙonsa, gama an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Sai ka duba nisan da ke tsakaninku. Manomi ya sayar da shanshera. Mai turarawa ta saya ta turara. Mai inji ya gyara. Dillali ya haɗa da ɗan sari, ɗan sari ya loda a mota zuwa Dawanau ko wata kasuwa, mai shago ya saya, sa'an nan uwargida ta aiko yaro ya auno mata tiya guda. Hannu shida ko bakwai ke nan. In haƙorin maigida ya gamu da tsakuwa, uwargida ce za ta sha faɗa. Ita ta yi wa mai shago mita, mai shago ya yi wa ɗan sari. Kafin maganar ta komo Tudun Wada duk kalmominta sun zube a hanya, ba abin da ya rage sai ragin kuɗi. Kai dai ka ga an taya kayanka da arha, ba ka san dalili ba, sai ka ce kasuwa ce ta faɗi.

Ni kaina na taɓa zama irin mai sayen nan da ba ya magana. Wata shekara na sayi rabin buhu wurin wani mutum da na saba da shi, aka dafa wa baƙi ranar suna. Ana cikin ci sai muka ji ƙaras a bakin wani dattijo, surukin gidan ne kuwa. Kunya ta rufe ni. Kun san abin da na yi? Ban koma na gaya wa mai shinkafar ba, don ina jin nauyinsa. Na dai sake wurin saye. Har yau in mun gamu mu kan gaisa da fara'a, bai san abin da ya raba mu ba. Na yi masa rashin adalci, na sani. Amma irina sun fi yawa a cikin masu saye, sabo da haka wanda ya tsaya ya faɗa maka aibin kayanka a gabanka, ka riƙe shi da kyau.

Sai dai a yi hattara, ba ko wane kushe ne gaskiya ba. Akwai kushen ciniki, wanda mutum ke yi don a rage masa, ko da kayan sun fi madara fari. Ga yadda za ka rarrabe. Mai kushen ciniki maganarsa a dunƙule ta ke: "Ba ta da kyau, bana duk shinkafa ta lalace." Kuma yana kushewa yana ƙara matsowa kusa da buhun. Mai kushen gaskiya shi kan nuna abu da yatsa, ya ce ga baƙar ƙwaya, ko ya ce wadda ya saya wancan mako ta caɓe. Na farko kafin ya biya ya ke magana, na biyu sau da yawa sai bayan ya biya ya kai gida an dafa. In kuwa mutum uku waɗanda ba su san juna ba suka faɗi abu guda, to, ka daina musu.

Yanzu bari mu ɗauki koke-koken ɗaya ɗaya, don ko wanne yatsa ne da ke nuna wani wuri a cikin aikinmu.

Babbansu tsakuwa. Ita ce ta ɓata wa 'yar Hausa suna a birane, har mutane suka gwammace su ƙara kuɗi su sayi ta ƙasar Tailan ko ta Indiya, wadda za a wanke sau ɗaya a zuba a tukunya. Matar birni mai zuwa aiki ba ta da lokacin zama da ƙwarya tana rege shinkafa. Shinkafa kuwa ba ta fito da tsakuwa daga zangarniyarta ba, mu ne mu ke zuba mata. Wuri uku ta kan shiga. Na fari wurin bugu, in an buga dami a kan ƙasa tsirara, aka share da tsintsiya aka kwashe har da abin da ke ƙasan. Na biyu wurin shanya, musamman masu shanyawa a gefen kwalta, inda ko wace mota ta wuce sai ta watsa mata yashi, awaki kuma su bi ta kai. Na uku, kuma wannan abin kunya ne, akwai masu zuba yashi da gangan don buhu ya yi nauyi. Wannan algus ne, addini ya hana, kuma mutum ɗaya in ya yi sai ya jawo wa garin duka.

Maganin biyun farko ba shi da wuya. A shimfiɗa tamfol kafin a yi bugu, a shanya a kan tamfol ko daɓen siminti da aka share. Mai turarawa ta wanke shanshera sau biyu ko uku kafin ta jiƙa, ta kwashe marar ƙwaya da ke tasowa a kan ruwa, ta bar yashi ya kwanta a gindin mazubi, kada ta juye har da shi. Akwai kuma injin cire tsakuwa, wanda ke girgiza shinkafa yana hura mata iska, mai nauyi ta ware gefe guda. Mace ɗaya ba za ta iya sayensa ba, amma in mata ashirin suka gaya wa mai injin unguwarsu cewa za su koma wurin wanda ke da shi, zai yi tunani. Kun ga nan ku ne masu saye, shi ne ya kamata ya saurara.

Sai wari. In mai saye ya shinshina ya kau da kai, kada ki zargi manomi, ki duba ruwan jiƙonki. Shanshera in ta kwana biyu ko uku a cikin ruwan sanyi sai ta fara tsami, kuma wannan tsami ba ya fita ko an dafa. Haka in ana maimaita ruwa guda, ko ana ɗibar na kududdufi. Abin da ya fi shi ne a ɗumama ruwa mai tsabta ya yi zafi ƙwarai amma kada ya tafasa, a zuba shanshera, a janye wuta, a rufe ta kwana ɗaya tak. Da safe a tsame, a ɗauraye.

Duhu da baƙar ƙwaya kuma daga tukunya su ke. Yawancin mata a duro su ke turarawa, su zuba shanshera da ruwa tare su hura wuta. Ta ƙasa tana cikin ruwa tana dahuwa har ta ƙone, ta sama kuwa tururi bai kai gare ta sosai ba. In an gyara sai ka ga buhu ɗaya launi uku. Dabarar gyara wannan ba baƙuwa ba ce ga ko wace mace da ta taɓa yin dambu. Madambaci ai ba ya barin tsaki ya taɓa ruwa. To, haka za a sa maƙeri ya yanko faifan ƙarfe daidai cikin duro, ya huhhuda shi, ya yi masa ƙafafu, a zuba ruwa kaɗan a ƙarƙashinsa, shanshera a kansa, a rufe da buhu da murfi. Tururi kaɗai zai ratsa ta. Da an ga ɓawon yawancinta ya tsage, abin da ba ya wuce kamar rabin sa'a bayan tururi ya taso, sai a sauke. Ma'aikatan gona na ƙasar Japan sun koya wa mata wannan a wajen Lafiya da Bida tsakanin 2011 da 2016. Ban da hasken shinkafa, itace ma ya kan ragu, don ruwan da za a tafasa kaɗan ne. Wanda ya san kuɗin itace a yau ba zai rena wannan ba.

Karyewa ita ce mai wuyar sha'ani, don laifin a rabe ya ke. In mai saye ya ce, "Duk gutsattsari ce," sai mai turarawa ta ce injin ne, mai inji ya ce shanya ce, kowa ya nuna wani. Gaskiyar magana kowa na da nasa kaso. Manomin da ya bar shinkafa ta bushe ƙayau a tsaye, rana ta gasa ta, raɓa ta jiƙa ta da dare, ƙwayarta ta riga ta tsattsage a cikin ɓawo tun ba a yanke ba. Lokacin yanka shi ne sa'ad da kamar kashi 80 cikin 100 na zangarniya ya yi ruwan kara, wajen wata guda bayan ta fid da kai. Mai turarawa kuma in ta baza ta a rana mai zafi tun safe har la'asar, bayan ƙwaya ya bushe cikinta da sauran laima, ita ma sai ta tsage. Gara a shanya da kauri kaɗan, a riƙa juyawa, in ta sha iska a tattara a kai inuwa ta huta, sa'an nan a ƙarasa a hankali. Masana sun ce laimar da ta dace da kai wa inji ita ce kashi 14 cikin 100. Wanda ba shi da abin awo ya murje ƙwaya ya ciza. In ta karye ƙas, ta yi. In ta lotsa, da saura. Sa'an nan injin kansa: tsohon inji mai ƙarfe a ciki ya fi mai roba karya shinkafa, balle in an matse shi don a yi sauri.

Akwai wani kuka da masu sayar da abinci su ka fi yi, su ce rabin tukunya ya nuna rabi da gari. Wannan nawa ne da naka, manomi. Iri ne ya gauraya. An shuka Faro 44, wadda mu ke kira Sipi, a gonar da bara aka yi wata iri, ko an sayo iri a kasuwa a kwano ba a san asalinsa ba, ko ɗan kasuwa ya haɗa ragowar buhu uku ya ɗinke. Doguwar ƙwaya da gajera ba sa jiƙa lokaci ɗaya, ba sa dahuwa lokaci ɗaya. Wannan ba ya gyaruwa a tukunya ko a inji, sai a gona: a nemi iri mai tsabta, a bi gona a cire baƙin da su ka fi sauran tsawo ko su ka riga su fid da kai, a ware buhunan ko wace iri.

Kun ga ke nan kalma ɗaya daga bakin mai saye tana iya kai mutum har ga ramin da ɓeran ya ke. Amma a nan sai na ja kunnenku a kan wani abu. Mai saye ba ɗaya ba ne. Mai garau-garau a bakin tasha tana son shinkafa mai auki, wadda tiya guda za ta cika mata tukunya, ta fito wara-wara, ta jure zama a kula har azahar. Ita tsohuwar shinkafa ta fi so, don sabuwa ta fi danƙo, ba ta kai ta kumbura ba. Mai waina da mai tuwo kuwa ba sa son turarriya sam, fara su ke nema mai laushi, karyewa ma ba ta dame su ba. Uwargidan ma'aikaci a birni ita tsabta da haske ta ke bi, ta yarda ta ƙara kuɗi. In ka ce za ka bi maganar kowa a buhu ɗaya, ba wanda za ka gamsar. Zaɓi naka. Kuma ga riba a ɓoye a nan: wadda ta sa rariya ta tace shinkafarta, ta ware gutsattsarin, ta sami kaya biyu. Tsayayyar ta tafi birni da kuɗinta, gutsattsarin ya tafi wurin mai waina, ba a yar da kome ba.

To, yaya za a yi maganar ta iso gare ka, tun da mun ce ta kan zube a hanya? Sai ka tashi ka taro ta. Matambayi ba ya ɓata.

Kada ka tambayi mutum, "Ta yi kyau?" Bahaushe da kunya, zai ce, "Madalla, ba laifi," ko da ta karya masa haƙori. Tambaye shi abin da ba zai iya rufewa da gaisuwa ba. Sau nawa aka wanke ta kafin ruwan ya yi fari? An rege ta, ko ba a rege ba? Tiya guda mutum nawa ta ciyar? In da za ka gyara abu ɗaya a cikinta, me za ka gyara? Kuma ka tambayi wadda ta dafa, ba wanda ya biya kuɗin kaɗai ba, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mata sun fi mu samun wannan hanya, don suna shiga gidaje, suna haɗuwa a biki da suna.

Wata dabara kuma, ki auni kwano guda daga sabon aikinki ki kai wa mai sayar da abinci guda biyu ko uku kyauta, ki ce su dafa, jibi za ki dawo ki ji. Mai abinci ba ta da kara a kan shinkafa, don da ita ta ke ci da 'ya'yanta. Abin da za ta gaya miki ya fi kuɗin kwanon nan nesa. Ɗan sarin da ya ɗauki kayanka zuwa wani gari kuwa, karɓi lambar wayarsa, bayan mako guda ka kira shi. Kakanninmu da su ka yi fatauci da jakuna ba su sami wannan gata ba.

Abin da aka gaya maka ka rubuta, ko da boko ko da ajami, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya rubuta. Littafi ɗan ƙarami ya isa: ranar da aka yi aikin, daga wurin wa aka sayi shanshera, wace iri ce, wane inji ya gyara, wa ya saya, me ya ce. Bayan wata biyu in ka duba za ka yi mamaki. Watakila ka tarar duk kukan tsakuwa a kan kayan mutum ɗaya ya ke faɗawa, ko duk karyewa daga inji ɗaya ne. Kai ba ya riƙe irin wannan, takarda ce ke riƙewa. In kuma za ka gyara, gyara abu ɗaya tukuna, ka ji abin da za a ce, sa'an nan ka taɓa na biyu. Wanda ya sake iri da ruwa da inji rana ɗaya, in ta yi kyau bai san wanda zai gode wa ba, in ta ɓaci bai san wanda zai kama ba.

Na san abin da wani zai ce: duk wannan wahala, wa zai biya ni? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan rufe ku ba, ba kullum a ke biya ba. In ka kai tsabtatacciyar shinkafa kasuwa, dillali ya juye ta cikin ta kowa, ka yi aikin banza. Bari mu yi lissafi da misali, kowa ya sa nasa kuɗin a gurbin nawa. A ce mace tana turara buhu 10 ko wane mako, ko wane buhu ya ba ta tiya 25, tiya 250 ke nan. A ce ana rage mata Naira 100 a ko wace tiya sabo da tsakuwa da duhu. Naira 25,000 ta tafi a mako guda, a mako goma 250,000. To, ta tambayi kuɗin tamfol biyu da na faifan maƙeri, ta gwada da wannan. Amma kafin ta kashe ko kwabo, ta fara zuwa wurin mai sayen ta ce, "Alhaji, in na kawo maka wadda ba sai an rege ba, nawa za ka ƙara?" In ya faɗi kuɗi, an yi ciniki. In ya ce duk ɗaya ne a wurinsa, to, ba shi ne mai sayenta ba, ta nemi wani.

Don haka ne ya kamata mai kaya mai kyau ya sa wa buhunsa alama, ko suna ko lambar waya, yadda yabo zai san hanyar gidansa, kuka ma ya san ta. Wanda ya rubuta sunansa a buhu ba ya zuba yashi. Ƙungiyoyin mata da ke haɗa kayansu su sayar tare su ma sai su sa ido a kan junansu, don ɗaya in ta yi sakaci duk ta shafa musu.

Mun ga abin da ya faru da aka rufe iyakokin ƙasar nan na tudu a watan Agusta 2019, har zuwa Disamba 2020. Shinkafar waje ta yi wuya, mutanen da ba su taɓa kallon 'yar Hausa ba su ka juyo gare ta. Dama ce babba. Waɗansu su ka ɗanɗana su ka zauna. Waɗansu kuwa su ka ci don dole, suna ci suna tsaki. Mai saye na dole ba naka ba ne, aro aka ba ka. Ga kuma manyan injunan shinkafa da aka kakkafa a Kano, masu fid da ita fes a buhu mai suna. Da su ƙaramin mai sana'a ke takara yanzu. Ba zai fi su inji ba, amma zai iya fin su kunne, don shi yana ganin mai sayensa ido da ido.

Kada mutanen Doguwa su ce wannan ta masu shinkafa ce. In ka wuce dajin Falgore ka shiga ƙasar masara, inda ruwan sama ya fi na sauran ƙasar Kano yawa, kukan mai saye ɗaya ne: laima. Masu haɗa abincin kaji su kan ƙi masarar da ta yi fumfuna, kuma suna da hujja. A 1960 talo-talo wajen 100,000 su ka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar dafin fumfuna ne a cikin ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Wannan dafi yana kama masara kamar yadda ya ke kama gyaɗa, yana kuma cutar da hantar mutum. In an dawo maka da buhu an ce da laima, kada ka yi rantsuwa, gwada. Sami kwalba busasshiya, zuba masara da gishiri busasshe, rufe, girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, mai sayen ya fi ka gaskiya, mayar da ita rana.

Masu wake kuma na Kiru da Bebeji su tuna da 2015. A watan Yuni na shekarar ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, sabo da maganin ƙwari irin na fiya-fiya da a ke zuba masa ya wuce kima. Ba rana ɗaya aka yi hanin ba. Tun 2013 a ke tsare kayan ana gargaɗi, maganar ba ta iso rumbu ba sai da ƙofa ta rufe. Ga shi kuwa akwai buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda a ke kira PICS, in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Mai saye a Kano ma yanzu ya kan shinshina wake kafin ya taya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda maƙeri zai auna duro ya yanka faifan turara shinkafa, da yawan hudar da ta kamata. Kafin nan, wanda ya gwada tambayar masu sayensa ya aiko mana da abin da su ka ce masa, ko mai daɗi ko marar daɗi, za mu buga a wannan fili ba tare da sunansa ba.